Lungun Da Iya Ta Ce In Bari

Ranar wata Laraba bayan la'asar na loda kaya a bayan a-kori-kura a tashar Nguru, na nufi Gashua. Fanel huɗu na sola, batir biyu, naɗin waya uku, kwalin ƙwayayen lantarki, da tsanina na ƙarfe. Sunana Ridwanu, sana'ata sa wa gine-gine haske. Na haska masallatai, na haska shaguna da gidajen alhazai tun daga Nguru har Kumagannam, amma gidan da aka haife ni ban taɓa ɗaura masa ƙwai ko ɗaya ba. Mahaifiyata, Iya Hajjo, ba ta so. Ita dai a bar ta da aci-balbal ɗinta.

Abin da ya tayar da ni kuwa, kwana uku kafin nan yayata Zulaihat ta kira ni daga Dapchi tana kuka. Wai Iya ta faɗi a dokin ƙofar ɗakinta, goshi ya fashe. Dama mun san cutar yana ta cinye mata ido, tana dai cewa tana gani dishi-dishi. Yaya Zulai ta ce magana ta ƙare, ko a kawo ta Dapchi ko in ɗauke ta zuwa Nguru. Iya kuma ta rantse, ta ce a amarya ta shigo gidan nan shekara hamsin da suka wuce, kuma a makara za ta bar shi. Sai ni mai wayo na shiga tsakani. Na ce a ba ni kwana biyu in haska mata gidan ta yadda ko allura ta faɗi za ta gani. In ba ta sake faɗuwa ba, a bar ta a gidanta. Kowa ya yarda.

A hanya ina ta tuna Baba Kalli, tsohon Babarbaren da ya koya mini aiki. Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai faɗa, amma ya san haske kamar yadda masunci ya san ruwa. Yakan ce haske uku ne a kowane gida: wanda zai cika wuri, wanda zai sauka kan aikin hannu, da ƙaramin da zai nuna maka abin da ake so ka gani. Kada ka sa ƙwai a inda zai soki idon mai shigowa. Kada ka sa shi a bayan mai aiki, inuwarsa za ta rufe masa aikin. Fari na wurin aiki ne, ruwan ɗorawa na wurin hutawa. Matakala kuwa da inuwarta ake gane ta, in ka kashe inuwar ka kashe matakalar. Amma dokarsa ta farko, wadda ya sha ja mini kunne a kanta, ita ce: kafin ka huda bango, zauna a gidan yini guda ka ga yadda mutanensa ke yawo, ka yi tambaya. Yakan ƙare da cewa, "Ɗana, ba a kunna fitila don a kashe duhu. Ana kunna ta ne don a gaya masa inda zai tsaya."

Na ce a raina, wannan doka ta gidan baƙi ce. Gidanmu kuma me zan tambaya? Ni da na yi rarrafe a tsakar gidan.

Mun shiga Gashua rana na shirin faɗuwa. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya batse. Unguwarmu tana gab da ruwa, tun daga bakin layi warin taɓo da hayaƙin bandar kifi suka tarye ni, kwaɗi kuma sun fara tasu. Na sauke kaya a zaure, na leƙa ciki.

Iya na ratsa tsakar gida. Hannun hagu riƙe da kwanon sha an rufe shi da faifai, hannun dama kuma ta ɗan miƙa shi gefe, yatsu a lanƙwashe. Tafiya take tiryan-tiryan. Ta kauce wa turmi, ta kauce wa igiyar shanya, ta isa lungun da ke tsakanin ɗakinta da tsohon rumbu, inda mahaifina marigayi, Baba, ke rataye komarsa ta su. Lungun nan ko da rana tsaka da duhunsa. Ta yi sallama a hankali, ta ajiye kwanon, ta juyo. Tun ina yaro take haka duk magariba. Bayan isha'i ta ɗauko kwanon ta sha abin da ke ciki. Mu dai mun ɗauka al'adar tsofaffi ce, ba wanda ya taɓa kula.

"Auta ne?" ta ce, tun kafin in yi magana. "Ai na ji ƙarar tarkacenka. Ka zo ka mayar mini da gida tashar mota ko?"

"Iya, gyara na zo yi."

"Allah ya sa ba garin neman gira za a rasa ido ba."

Muka yi dariya. Ta zuba mini tuwon shinkafa da miyar kuka ta sha kifi banda, irin wadda har yau ban sake samu ba. Ina ci ina kallon ƙyallen da aka ɗaure mata goshi da shi, zuciyata na ƙuna. Tsohuwar nan ta ƙanƙance. Na yi ta lissafa mata inda zan sa fitilu, tana jina har na gama.

"Ka sa duk inda ka ga dama," ta ce. "Amma lungun can ka bar shi."

"Iya, ai nan ne ya fi duhu. Nan kunama ke ɓuya."

"Da mai shi."

"Wa?"

"Maƙwabciya ce. Na tarar da ita a gidan, ta riga ni. Musulma ce, ba ruwanta da kowa, ba ta taɓa roƙona komai ba sai wurin zama. Ruwan ma ni nake ba ta don zumunci." Ta laluba ta kama gwiwata. "Ka ji ko, Auta? Ka ce to."

Na ce to. Wallahi na ce to, da bakin nan nawa. Amma a zuciyata na riga na zaɓi fitilar da zan kafa a wurin, mafi girma a cikin kwalin.

Washegari Alhamis tun da sassafe na hau aiki. Maƙwabcinmu Usaini masunci ya kama mini muka hau da fanel kan rufi, ya tafi sabgarsa. Na ajiye batir a zaure, na jawo babbar waya ta bi jikin katangar gabas. Duk abin da Baba Kalli ya koya mini, ranar na taka shi da gangan. Tunanina ɗaya ne: ido mai rauni haske yake so, to a ba shi har ya ƙoshi. Na kafa manyan fitilu farare huɗu a kusurwa huɗu na tsakar gida, kowace na kallon 'yar'uwarta, don kowace ta cinye inuwar da ɗayar ta yi. Na sa a ɗakuna, na sa a zaure, a madafa, a banɗaki, har ƙarƙashin rumfar awaki. Ban sa makunni ba ko ɗaya, don kada Iya ta sha wahalar lalube. Na haɗa su duka da 'yar na'urar da ke kunna wuta da kanta in rana ta faɗi.

Da azahar Iya ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, kamar yadda ta saba in rana ta take. Na saɓi tsani na lallaɓa lungun.

Sanyi ne a wurin, irin na gindin randa. Komar Baba na nan a rataye, ta ruɓe. Ƙasan a share tas, babu ko yanar gizo. A jikin bango, daidai tsayin kafaɗar mai zama, akwai wani wuri da ya yi sumul, kamar an shekara ana jingina. Na gani. Na kawar da kai, na huda bangon, na kafa fitilar.

Ana gab da kiran magariba saura waya ɗaya in ɗaure a kusurwar gabas. Ina kan tsani, filaya a hannu. Sama ta yi ja, sannan ta fara toka-toka. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe tsakar gida. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin bakin kasuwa.

Iya ta fito bakin ƙofarta da kwano. Ta tsaya. Ta miƙa hannun dama gefe, ta jira kaɗan. Sai na ga yatsunta sun lanƙwashe, ta yi ɗan murmushi, ta tsallake dokin ƙofar ba ko tuntuɓe.

Taku ɗaya, biyu, biyar. Ta kai tsakiyar gida.

Na'urar ta yi ƙas.

Gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Fari fat, kamar an kwara nono. Turmi ba inuwa, randa ba inuwa, ni kaina da tsanina ba mu da ita. Komai ya zama bai ɗaya, har dokin ƙofar ya ɓace a ido. Amma ni daɗi ya cika ni.

"Iya! Kin gani?"

"Me?"

Ta ɗago fuska wajen muryata. Babbar fitilar da ke saman kaina na dukan idonta kai tsaye, fitilar da ni mai lafiya ba na iya kallo. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ashe ba dishi-dishi ba ne. Ba ta gani ko kaɗan.

"Auta," ta ce, muryarta ta canza. "Me ka yi? Ta sake mini hannu."

Kwanon ya suɓuce, ruwa ya malale. Kwaɗin kogi suka yi tsit a lokaci guda, kamar an rufe musu baki.

Sai na gan ta.

A gefen Iya, a ƙasa, akwai inuwa guda ɗaya tak a duk gidan. Inuwar 'yar ƙaramar tsohuwa mai doro, da mayafi a ka. Ba kowa a tsaye a kanta.

Ta zabura ta yi lungu. Ta tarar da haske. Ta dawo da gudu, ta shige gindin randa, babu wuri. Ta yi ƙarƙashin rumfar awaki, awakin suka tsinke igiya. Ta yi ɗakin Iya, ta yi madafa, ta yi zaure. Ko'ina na riga ta. Ni na bi gidan lungu-lungu da hannuna ban bar mata ko tafin hannu ba.

Tana gudu tana ƙanƙancewa. Gefenta na wani irin sauti, cuuu, kamar ruwa ya ɗiga a garwashi. Wari ya tashi, na jiƙaƙƙen zane da aka ɗora a wuta.

Ta tsaya a gindin tsanina.

Ƙarfen ya yi sanyi a tafin ƙafata. Tsanin ya motsa kaɗan. Matakin farko ya yi ƙara. Na biyu.

Na fara Ayatul Kursiyyu, harshena ya sarƙe a tsakiya. Na sake farowa, na sake sarƙewa a wuri ɗaya. Sai wata siririyar murya, dab da kunnena na hagu, ta ɗauka daga inda na tsaya ta ƙarasa mini ayar. Tana karantawa tana shessheƙa.

"Ɗan Hajjo," ta ce. "Rufe idonka."

Ban iya motsi ba.

"Kaɗan. In fake. Ina ƙonewa."

Nan na gane. Duhun da ya rage a gidan nan kaf, na bayan fatar idona ne.

"Kada ka rufe!" Iya ta kwatsa ihu. Tana tsakiyar gida tana juyawa, hannuwa a miƙe, ba ta san gabas ba. "Auta, kada ka ƙifta! In ta shiga ba ta san hanyar fita ba!" Sai ta sassauta murya, tana roƙo. "Maƙwabciya, don girman Allah. Autana ne. Ke kika yi ta jijjiga shi lokacin da nake jinya. Zo ki shiga nawa, ga su nan."

"Naki fari ne, Hajjo," muryar ta ce. "Babu wuri."

Ƙwarin kogi sun riga sun ga farin haske. Baba Kalli ya sha gaya mini, kusa da ruwa ba a sa fari a waje. Suka taso dubu-dubu, suka yi wa fitilar saman kaina rumfa. Suna faɗa mini a fuska, a hanci, a gashin ido.

Idona ya cika da ruwa. Yana raɗaɗi kamar an zuba barkono.

Wani abu mai sanyi ya dafa mini kunci. Yatsu ne, ƙanana. Ba riƙon mugunta ba ne. Riƙon wanda ruwa ke ci ne.

Babbar waya na jikin katanga, taku huɗu daga tsani.

Na sauko da baya, ido a buɗe. Mataki ɗaya. Wani ƙwaro ya faɗa cikin idona na dama, yana motsi. Ban ƙifta ba.

"Kaɗan," ta ce. Muryar ta yi nisa, kamar daga ƙasan rijiya.

Taku biyu. Ba na ganin komai sai fari da hawaye. Na laluba katanga.

Yatsun suka hau fatar idona na hagu, suka fara ja ƙasa a hankali.

Na ji wayar a hannuna. Na sa filaya na danna da duk ƙarfina.

Wuta ta yi tartsatsi, ta wurgar da ni. Duhu ya rufto.

Ban san tsawon lokacin da na yi a ƙasa ba. Hannuna ya mutu har kafaɗa, bakina na ɗanɗanon ƙarfe. Na dai ji wani abu na jan jiki a hankali ta gefen katanga, yana tsayawa yana hutawa. Ya bi ta zaure. Ƙyauren ya yi 'yar ƙara. Daga nan sautin ya gangara wajen kogi har ya ɓace. Can sai kwaɗo ɗaya ya yi kuka, sauran suka amsa.

Iya na zaune dirshan a cikin ruwan da ya zube.

"Maƙwabciya?" take cewa. "Maƙwabciya, an kashe. Ki dawo, an kashe."

Na rarrafa na isa gare ta. Na kama hannunta, ta bar mini shi kamar ba nata ba. Ba ta zage ni ba. Wallahi da ta zage ni, ko ta ɗaga hannu ta mare ni, da na fi samun sauƙi.

"Shekara shida ke nan ban ga komai ba," ta ce. "Fari kawai. Na ɓoye muku don na san za ku ɗauke ni. Ita ke zuwa ta jikin inuwa ta kama hannuna, ta kai ni madafa, ta kai ni bakin randa, ta nuna mini alƙibla. In rana ta take babu inuwa a tsakar gida, sai in shige ɗaki in jira."

"To faɗuwar da kika yi fa, Iya?"

"Ka tambaye ni yaushe na faɗi?"

"Ban tambaya ba, Iya."

"Da azahar ne. Awaki suka shiga shinkafar da na shanya, na fito ni kaɗai. Haske ne ya kayar da ni, Auta, ba duhu ba."

Tambaya ɗaya. Da na zauna yini guda kamar yadda aka koya mini, da na buɗe baki na yi tambaya ɗaya, da Iya ta mutu a ɗakinta. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ba rashin sani ba ne. An gaya mini, na ce to.

Da gari ya waye na cire komai, har ƙusoshin. Na kwaɓa ƙasa na toshe hudar da na yi a lungu. Na zauna kwana tara a gidan. Kowace magariba Iya ta fito bakin ƙofa da kwanonta, ta miƙa hannun dama, ta jira har a idar da salla. Ba wanda ya kama. In na kawo nawa sai ta ce, "Dakata tukuna, ko tana hanya." A kwana na shida na je sayo icce, na dawo na tarar ta sa hannu a murhu. A na takwas ta sake faɗuwa a dokin ƙofar nan. Yaya Zulai ta zo daga Dapchi, kuma wannan karon Iya ba ta yi gardama ba.

Ranar tafiya ta ce in kai ta lungun. Ta shafa wurin nan mai sumul a jikin bango, ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Ban yi miki sallama ba, ba ki yi mini ba." Sannan ta ce mu tafi, mota na jira. Da ƙafarta ta fita daga gidan da ta rantse sai a makara.

A Nguru matata Nabila ta yi mata duk abin da 'ya za ta yi wa uwa. Mun kai ta wajen likitan ido, ya ce an makara, jijiyar ta riga ta mutu. Iya ba ta damu da wannan ba. Abu ɗaya ta roƙe ni: duk Juma'a in je Gashua, in ajiye ruwa a lungu da magariba, in duba bayan isha'i. Na riƙa zuwa. Kwano a cike nake ajiye shi, a cike nake samunsa. In na dawo, tun daga ƙofa za ta ɗago kai.

"Ta sha?"

"Ba ta sha ba, Iya."

Sai ta koma ta kwanta. Abinci ya fara dawowa kamar yadda aka kai shi. Tsokanar nan tata ta ƙare, ta daina ce mini mai tarkace. Wata Juma'a na kasa jurewa, na dawo na ce mata, "Iya, albishirinki. Ta sha, ta shanye tas."

Ta yi ɗan murmushi, irin wanda take mini in na saci ƙuli-ƙuli ina yaro.

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, Auta. Ba ta taɓa shanyewa ba. Rabi take bar mini."

Wata bakwai ta yi a gidana. Ta rasu ranar wata Talata da bazara, gab da magariba. Da numfashinta ya fara sarƙewa sai ta miƙa hannun dama gefe, yatsu a buɗe. Na kama. Ta ce, "Naka da zafi. Nata sanyi ne." Amma ba ta sake ni ba. Ta ce in na samu maƙwabciya in gaya mata ba da saninta aka yi ba. A Nguru muka binne ta, nesa da kabarin Baba.

Tun daga daren nan na fitilu idona na hagu ba ya gani sosai in rana ta faɗi, kuma fatarsa kullum da sanyi. Aiki ban daina ba, amma na canza. Ba na huda bangon kowa sai na yini a gidansa, na tambayi tsofaffin ciki. Kuma duk gidan da na haska ina barin lungu ɗaya. In mai gida ya ce, "Malam Ridwanu, nan fa ka manta," sai in ce masa ido na bukatar wurin hutawa. Gaskiya ce, ko a littafin aiki haka yake. Sauran ba na faɗa.

Bayan an yi addu'ar bakwai, Yaya Zulai ta ce in je in kwashe abin da ya rage in kulle gidan. Na isa ranar Juma'a da yamma. Ciyawa ta bushe a tsakar gida, turmi ya tsage. Ba wanda zai tambaye ni kuma, amma hannu ya saba. Na wanke kwanon, na cika shi, na rufe da faifai, na yi sallama na ajiye. Na tafi masallaci, na zauna har aka yi isha'i.

Na dawo ba tocila. Na durƙusa a bakin lungun, na laluba na ɗaga faifan, na sa yatsa.

Rabi.

Na sake aunawa. Rabi ne cif, an bar shi a tsanake.

Ta dawo. Ta warke ta dawo, ta bar wa ƙawarta rabonta, tana zaune tana jira a zo a ɗauka.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma baƙin ciki ya fi shi nauyi. Ba wanda zai kai mata labari a duniyar nan sai ni. Na gyara zama kamar yadda ake yi a gidan makoki, na fuskanci duhun.

"Maƙwabciya," na ce. "Ni ne, ɗan Hajjo. Iya ta rasu ranar Talatar makon jiya, a Nguru. Ta jira ki. Ta ce in gaya miki ba da saninta aka yi ba. Laifina ne ni kaɗai."

Ko kukan kwaɗi babu, kogi ya janye.

Can na ji an ja numfashi, dogo, mai karkarwa. Aka yi salati a hankali. Sai muryar nan, ta ƙara siririta fiye da yadda na san ta.

"Wa ya riƙe mata hannu?"

"Ni ne."



"To," ta ce.

Sai na ji kwanon na gogar ƙasa, a hankali, har ya taɓa gwiwata. Na ɗauka da hannu biyu na shanye rabin Iya. Ruwan da sanyi, da ɗan gishiri-gishiri, ban san ko hawayen wane ne a cikinmu ba.

Ban kulle gidan ba. Juma'a mai zuwa ma zan je.